Yadda Ake Sauke Waƙoƙi a Manhaja Domin Sauraro Inda Babu Sabis

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, ta Azare da Potiskum da Damaturu, ya san halin sabis a kan wannan titi: idan mota ta shigo gari sai sandunan waya su cika, da zarar an bar gidajen ƙarshe a baya kuma sai su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har ya zamana babu ko guda. Wanda yake sauraron waƙa kai tsaye daga intanet a irin wannan wuri, waƙarsa za ta katse a tsakiyar baiti, ya zauna yana kallon 'yar da'irar nan tana ta juyawa a fuskar waya. Ko a cikin birni ma, inda sabis bai cika ɗaukewa ba, kuɗin data ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya bar waƙa tana ta kwarara tun safe har dare. Saboda haka ne manhajojin sauraron waƙa, irin su Audiomack da Boomplay da Spotify da YouTube Music da Apple Music, suka tanadi hanyar da mutum zai sauke waƙoƙinsa a lokacin da yake da intanet, ya saurare su daga baya ko da yana tsakiyar daji.

Kafin a taɓa kowane maɓalli, akwai abu guda da ya kamata a fahimta, domin rashin fahimtarsa shi ne tushen yawancin ƙorafin da nake ji daga mutane. Mu a nan mun saba da masu tura waƙa na bakin kasuwa da tasha, waɗanda za ka miƙa wa katin memori, su saka shi a kwamfuta, su cika maka shi da abin da ka zaɓa. Waƙar da ka samu ta wannan hanya tana hannunka: kana iya tura wa ɗan'uwanka ta Xender ko Bluetooth, kana iya cire memorin ka saka a rediyon mota, kana kuma iya jefa shi a aljihun tebur shekara biyar ka dawo ka tarar da ita yadda ka bar ta. Waƙar da aka sauke a cikin manhajar sauraro ta sha bamban da wannan. A mafi yawan lokuta an kulle ta ne ta yadda manhajar da ta sauke ta ce kaɗai za ta iya buɗe ta, kuma zamanta a wayarka yana da sharuɗɗa. Aro aka ba ka ka ajiye a ɗakinka, mai kaya kuma yana leƙowa lokaci zuwa lokaci domin ya tabbatar yarjejeniya tana nan. Duk matakan da zan bayyana a ƙasa daga wannan suka samo asali.

Wace manhaja ce ta dace da kai?

Amsar ta dogara ne da abu biyu: ko kana da halin biyan kuɗin wata, da kuma ko waƙoƙin da kake so suna cikin manhajar. Audiomack, wadda aka kafa a Amurka a 2012, ta samu karɓuwa a wajenmu ne saboda tana barin wanda bai biya ko kwabo ba ya sauke waƙoƙi da yawa, sai dai ya haƙura da tallace-tallace, kuma akwai wasu waƙoƙin da aka keɓe saukewarsu ga masu biya. Boomplay ta fara aiki a Najeriya a 2015, kuma mutane da yawa sun tarar da ita ne a cikin sabuwar wayarsu ta Tecno ko Infinix ko itel, domin tana da alaƙa da kamfanin Transsion da yake ƙera waɗannan wayoyi. Ita ma akwai abin da take bari a sauke kyauta, akwai wanda sai an biya. Spotify, 'yar ƙasar Suwidin, ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, kuma a cikinta wanda bai biya ba shirye-shiryen magana kaɗai zai iya saukewa, waƙa kuwa sai mai tsarin Premium. YouTube Music da Apple Music su ma sai da biya ake sauke waƙa a cikinsu.

Shawarar da nake ba kowa ita ce, kafin ka fitar da kuɗinka, rubuta waƙoƙi goma da ranka ya fi so, ka neme su ɗaya bayan ɗaya a manhajar. Waƙoƙin Hausa na zamani yawanci ana samunsu, amma tsofaffin waƙoƙin makaɗan fada da na noma da na maza ba kowace manhaja ce take da su ba. Wajen neman kuma kada ka tsaya a kan rubutu ɗaya, domin masu ɗora waƙoƙinmu sau da yawa ba sa amfani da haruffa masu lanƙwasa: inda ka rubuta ƙ gwada k, inda ka rubuta ɗ gwada d, sunan mawaƙi kuma ka gwada shi a haɗe da a rabe. Na sha ganin an yanke hukuncin cewa waƙa ba ta nan alhali rubutun suna ne ya bambanta. Idan ka yanke shawarar biya, ka sani cewa kuɗin yakan sabunta kansa duk wata daga katin bankinka har sai ka dakatar da shi da kanka, kuma gwajin kyauta da ake bayarwa da farko shi ma haka yake komawa na biya ranar da wa'adinsa ya cika, don haka rubuta ranar a inda za ka gan ta.

Lissafin gurbi da data

A nan ne ya kamata mutum ya ɗan zauna ya yi lissafi, domin girman waƙa ba abu ne tsayayye ba, ya danganta da ingancin sautin da aka zaɓa a cikin saitunan manhaja. Ɗauki Spotify a matsayin misali. Matakinta na yau da kullum yana cin kusan kilobit 96 a kowace daƙiƙa, na samansa kusan 160, na samansu kuma kusan 320. Waƙa mai tsawon minti huɗu daƙiƙa 240 ke nan, wato a mataki na farko za ta ci kusan MB 3, a na biyu kusan MB 5, a na uku kuma kusan MB 10. Idan waƙoƙi ɗari kake son saukewa, kana maganar MB 300, ko MB 500, ko kuma GB 1 kusan cif, kuma wannan adadi sau biyu za ka biya shi: sau ɗaya a datarka lokacin saukewa, sau ɗaya kuma a gurbin da zai mamaye a wayarka.

Wannan lissafi ya fi shafar mai sauraron waƙoƙin gargajiya, domin waƙar makaɗi guda tana iya kai minti ashirin, kuma irin wannan a mataki na uku za ta haura MB 45, alhali a matakin yau da kullum ba za ta kai MB 15 ba. Ga shi kuma da yawa daga cikinsu daga tsohon kaset ko faifan gidan rediyo aka kwafo su, ta yadda ƙarin ingancin da ka biya wa data ba zai ƙara musu tsabtar da ba su da ita tun asali ba. A ganina, wanda yake sauraro da iyafis na kasuwa, ko da lasifikar waya, ko a cikin mota mai ƙarar inji da iska, matakin tsakiya ya ishe shi har da saura. Masu Apple Music su ne suka fi buƙatar lura, domin akwai matakin da ba a matse sauti a cikinsa, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa gurbin GB 10 da zai ɗauki waƙoƙi kusan 3,000 a mataki mai kyau, waƙoƙi 1,000 kawai zai ɗauka a wancan matakin, ko 200 a wanda ya fi shi. Ka zaɓi ingancin tun kafin ka fara saukewa, domin canza shi daga baya yana nufin sake sauke waƙoƙin, wato sake kashe data.

Daga nan sai ka duba gurbin da ya rage a wayar. Yawancin wayoyinmu hotuna da bidiyoyin da ake turowa a zaurukan WhatsApp ne suke cinye su, kuma rabin sa'a da mutum zai yi yana goge su yakan samar da wurin ɗaruruwan waƙoƙi. Kada ka cika wayar maƙil. Bar mata aƙalla GB 1 ko 2 domin ta samu wurin numfashi, in ba haka ba za ta fara nauyi, saukewar ma ta riƙa tsayawa. Mai wayar Android da ke da katin memori yana iya shiga saitunan ajiya na manhajar ya umarce ta da ta riƙa zuba waƙoƙin a kan katin, wannan ma tun kafin a fara ya fi dacewa a yi shi. Sai dai a sayi kati na gaske a shagon da aka yarda da shi, domin akwai na jabu da ake rubuta musu girman da ba su da shi, waɗanda suke karɓar kaya kamar gaske sannan su lalata su. Wayar iPhone ba ta da wurin saka memori, don haka mai ita gurbin cikinta kaɗai yake da shi.

Saukewar kanta

Akwai wani saiti da yake ɓata wa mutane rai ba tare da sun san da shi ba. Wasu manhajojin, ciki har da Spotify, suna zuwa ne a kan cewa ba za su sauke komai ba sai an haɗa wayar da Wi-Fi, domin an ƙera su ne da tunanin ƙasashen da kusan kowane gida yake da shi. Mu da datar layi muke rayuwa, saboda haka dole ne ka shiga saituna, ka nemi wurin da aka yi maganar saukewa da datar waya, ka kunna shi. Idan kana da damar samun Wi-Fi a ofis ko a makaranta, to, bar shi a kashe ka yi saukewarka a can. Idan kuma babu, kamfanonin layi suna sayar da datar dare a farashi mai rahusa, kuma ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Duba sa'o'in da take aiki a layinka, ka jona wayar a caji idan akwai wuta, ka kashe saitin tattalin batir domin yakan dakatar da manhajar da take aiki a bayan fage, sannan ka bar manhajar a buɗe har ta gama.

Alamar saukewa kusan iri ɗaya ce a ko'ina: kibiya mai kallon ƙasa, wani lokaci a cikin da'ira, ko kalmar Download, wadda mai wayar da aka saita da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram zai gani a matsayin Télécharger. A Audiomack da Boomplay kibiyar tana kusa da kowace waƙa, kuma tana saman kowane albam ga wanda yake son ɗauke shi gaba ɗaya. A YouTube Music ana taɓa ɗigo ukun da ke gefen waƙa a zaɓi saukewa. A Apple Music sai ka fara taɓa alamar tarawa domin waƙar ta shiga ɗakin ajiyarka, daga nan kibiyar za ta bayyana. Spotify ce take da ɗan bambanci: ba ta ba da damar sauke waƙa tilo a kan kanta, sai dai albam ko jerin waƙoƙi. Abin yi shi ne ka buɗe sabon jeri ka sa masa suna, ko ka tara waƙoƙin a cikin jerin waɗanda ka nuna kana so, sannan ka taɓa kibiyar da ke saman jerin. Idan ta gama kibiyar za ta koma koriya, kuma daga ranar duk waƙar da ka ƙara a wannan jeri za ta sauka da kanta. Kamfanonin sukan sauya wa maɓallai wuri idan sun sabunta manhaja, don haka idan ba ka ga abu a inda na ce ba, nemi kibiyar ko ɗigo ukun.

Mai YouTube Music ya lura da wani tsari da ake kira Smart downloads, wanda yake sauke waƙoƙi da kansa bisa ga abin da ka saba ji, har zuwa 500 idan ka ba shi dama. Ga mai babbar waya da Wi-Fi abu ne mai daɗi, amma ga mai ƙaramin gurbi gara ya rage adadin ko ya kashe shi.

Yanzu ga matakin da na fi damuwa da shi, wanda kuma aka fi tsallakewa: gwaji. Lokacin da aka tura ƙanwata bautar ƙasa wani ƙauye da sai an hau tudu ake samun kira, ni na zauna da ita a daren tafiyarta muka tara mata waƙoƙi da karatu kusan tamanin, muka taɓa kibiya, muka ga ta fara juyawa, muka kwanta. Bayan kwana uku ta kira ni daga kan tudun nan tana cewa goma sha biyu ne kawai suke buɗewa, sauran duk sun yi dishi-dishi ba sa taɓuwa. Datar daren ce ta ƙare a tsakiyar aiki, sauran suka tsaya a layi suna jira, mu kuwa ganin sunayensu a jere ya sa muka ɗauka sun sauka. Tun daga ranar ba na yarda da ganin ido. Bayan ka gama saukewa, ja saman fuskar wayar ka taɓa alamar jirgin sama domin sabis da Wi-Fi su ɗauke gaba ɗaya, ka rufe manhajar ka sake buɗe ta, sannan ka kunna waƙa daga farkon jerin, da tsakiyarsa, da ƙarshensa, kowace kuma ka ja ta zuwa kusa da ƙarewarta. Wadda ta ƙi buɗewa ba ta sauka ba, kuma gara ka gano haka kana gida da ka gano shi a hanya.

Idan komai ya yi daidai, nemi saitin da ake kira Offline a cikin manhajar ka kunna shi. Amfaninsa shi ne yana hana ta jawo waƙar da ba ka sauke ba idan sabis ya dawo, domin in ba haka ba, da zarar jerinka ya ƙare tana iya ci gaba da kawo maka makamantansa daga intanet, datarka tana tafiya kai kana zaton ajiyarka kake ji.

Abin da yake sa waƙoƙin su ɓace

Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne na kwana 30. Spotify da YouTube Music suna buƙatar wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kowane kwana 30 domin su tabbatar biyanka yana nan, in ba haka ba waƙoƙin su daina buɗewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, kuma akwai wuraren da suka haura wata guda a haka. Saboda haka duk wanda zai tafi inda sabis yake wahala, ya buɗe manhajar da data a ranar tafiyarsa domin ƙidayar ta fara daga sabo, kuma duk lokacin da ya shigo gari ranar kasuwa ya kashe saitin Offline, ya bar ta a buɗe na 'yan mintuna. Wannan leƙawar ba ta cin data mai yawa. Ta wannan hanya ce kuma ake aika lissafin waƙoƙin da ka saurara a lokacin da ba ka kan intanet, ya shiga cikin ƙidayar da ake biyan mawaƙi da ita, wanda a wurina dalili ne mai ƙarfi na bin wannan hanya ga duk mai son mawaƙanmu su ci gumin aikinsu.

Spotify tana da iyakar waƙoƙi 10,000 a kan kowace na'ura, a na'urori biyar. Da wuya wani ya kai adadin waƙoƙin, amma iyakar na'urorin tana kama masu raba asusu ɗaya da abokai, domin idan na shida ya sauke, sai a share na wanda ya fi daɗewa bai buɗe ba. Ga 'yan gida ɗaya akwai tsarin iyali na mutum shida, kowa da asusunsa.

Sauran abubuwan da suke kwashe waƙoƙi kuwa, daga hannunmu suke fitowa. Goge manhajar a sake ɗora ta yana tafiya da duk abin da aka sauke. Haka ma shiga saitunan Android a share dukkan bayanan manhajar, da fita daga asusu a wasu manhajojin, da kai waya wajen mai gyara ya yi mata fulashin. Manhajojin share-share da suke alƙawarin ƙara wa waya sauri su ma a yi hattara da su, a karanta abin da za su goge kafin a amince. Idan biyan wata ya ƙare ba a sabunta ba, jerin sunayen waƙoƙinka yana nan, amma sauraro ba tare da intanet ba ya tsaya. Wani lokaci kuma mawaƙi ko kamfaninsa ne yake janye waƙa daga manhajar, sai ta dushe a jerinka ko da ka sauke ta, kuma wannan babu abin da za ka iya yi a kai.

Game da mota da lasifika, waƙar da aka sauke tana fita lafiya ta Bluetooth ko ta igiyar da ake jonawa a rediyo, domin wayar ce take kunna ta. Abin da ba zai yiwu ba shi ne cire memorin a saka shi a 'yar rediyon nan mai cin memori da dattawanmu suke ratayawa. Ba za ta ga komai ba. Wanda yake son waƙar da zai mallaka ya saka a irin wannan rediyo, sai ya saye ta daga mawaƙin ko wakilinsa, ko daga shagon intanet da yake sayar da waƙa a buɗe kamar iTunes Store. Ina kuma gargaɗi da babbar murya a kan manhajojin da aka yi wa kutse, waɗanda ake turawa a waya ana cewa suna ba da tsarin biya kyauta. Ba ka san wanda ya taɓa cikinsu ba, ga shi a wannan wayar manhajar bankinka take, kuma kamfani yana iya rufe asusun da ya kama yana amfani da su.

Saura batun canza waya. Waƙoƙin da aka sauke ba sa bin mutum zuwa sabuwar waya, ko da ya ɗauke memorin ya mayar can. Abin da yake bin sa shi ne asusunsa, wanda yake ɗauke da jerin da ya sha wahalar tarawa. Da zarar ya shiga asusun a sabuwar wayar zai tarar da jerin, sai ya sake taɓa kibiya. Matsalar ita ce mutanenmu da yawa a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu imel, yaron shago ne ya zaɓi kalmar sirri, su kuma ba su taɓa tambaya ba. Tun wayar tana hannunka, shiga saitunan manhajar ka ga da wane imel ko lambar waya aka yi rajista, ka sauya kalmar sirrin zuwa wadda kai ka sani, ka rubuta su a takarda ka ajiye tare da takardunka masu muhimmanci a gida.